Shaɗaranji: wasa yana ƙara hankali? Mu auna littattafai biyu

Ɗan'uwa mai karatu, ka san dara. Ko ba ka iya ta ba, ka sha ganin ana yin ta a gindin bedi, ko a bakin kasuwa, bayan an kai amfanin gona gida. A tona gurabu 30 cikin rairayi. Wannan ya ɗauki kara 12, wancan ya ɗauki tsakuwa 12. Wanda ya jera uku ya cinye ɗaya na abokinsa. Ƴan kallo kuwa sun fi masu wasan surutu.

To, akwai wata dara da ta zagaye duniya duka. Larabawa suna ce mata shaɗaranji. Faransawa suna cewa eshek. A kan allo ake yin ta, mai gidaje 64, rabi farare rabi baƙaƙe. Mutum biyu ke karawa, kowa da ƙwaya 16: sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, dawaki biyu, giwaye biyu, soraye biyu, da dakaru takwas. Kowace ƙwaya da irin tafiyarta. Doki tsallake yake yi. Giwa a karkace take tafiya. Dakare taki ɗai-ɗai yake yi, kuma ba ya komawa baya. Wanda ya ritsa sarkin abokinsa har ya rasa mafita, shi ya ci.

A ƙasar Indiya wasan ya fito, yau wajen shekara 1,500. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauka, suka kai shi Turai. Kada ka ce baƙo ne gare mu ƙwarai. A 1934 wani Bature mai suna Mik ya rubuta cewa ya tarar da shi a Barno, ana ce masa tsatsarandi. Ƙwayoyin ma sunayen fada aka ba su: Mai, Ciroma, Kaigama.

Me ya sa muke kawo maka wannan zance? Domin a zamanin nan ana ta yabon wasan kamar magani. Ana cewa yana buɗe kan yaro, yana sa shi iya lissafi, yana kwantar da zuciya. Ƙasar Armeniya ta sa shi dole cikin lakwal a 2011. A Legas wani saurayi, Tunde Onakoya, ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa a 2018, kuma a 2024 ya yi awa 60 yana wasa a birnin Niyok don ya tara wa yara kuɗin karatu. Wata rana zancen zai iso garinku. Wani zai zo ya ce ka kawo ɗanka ya koya, ya zama mai ƙwaƙwalwa. Wani ma zai ce wasan yana warkar da yaron da ba ya magana. Wataƙila har ya nemi kuɗi. Gara ka san abin tun bai zo ba.

Ga littattafai biyu da suka yi suna a kan wannan wasa. Ɗaya labarin gaskiya ne. Ɗaya ƙagagge ne.

Yarinyar Katwe

Na farko da Ingilishi aka rubuta shi. Sunansa The Queen of Katwe, wato Sarauniyar Katwe. Wani ɗan jarida na Amurka, Tim Kurodas, ya fitar da shi a 2012. Katwe unguwar talakawa ce a Kampala, babban birnin Yuganda. Unguwa ce ta kwata da laka. In ruwan sama ya sauka, har cikin ɗaki yake shiga.

A can aka haifi Fiyona Mutesi, wajen 1996. Ba a rubuta ranar ba, kamar yadda ba a rubuta ta yawancinmu ba. Ubanta ya mutu da ciwon sida tana ƴar shekara uku. Uwar ta kasa biyan kuɗin lakwal, yarinya ta koma tallan masara. Tana wajen shekara tara, ta bi yayanta a ɓoye don ta ga inda yake zuwa kullum. Ta tarar da yara zaune, kowa ya sunkuya a kan allo. Wani saurayi, Robat Katende, ma'aikacin wata ƙungiyar mishan, yana koya musu shaɗaranji. Kuma duk wanda ya zo ana ba shi kofin kunu.

Ka riƙe wannan kunu a ranka, za mu komo gare shi.

Yarinya ta koya, ta fara cinye maza. A 2009 ta hau jirgin sama karo na farko zuwa Juba, ita da yara biyu na Katwe, suka ciwo gasar yara. A 2010 ta wakilci Yuganda a babbar gasar duniya a ƙasar Rasha. A 2012 ta sami ƙaramin muƙami na hukumar wasan ta duniya, tana cikin matan Yuganda na farko da suka samu. A 2016 kamfanin Disney ya yi sinima a kan labarinta.

Yabon gwani ya zama dole. Kurodas ya je Katwe da ƙafarsa, ya zauna da mutane, ya saurara. Bai tsaya kan yarinyar kaɗai ba. Ya ba uwar wuri mai faɗi: yadda ake korar su daga ɗaki saboda kuɗin haya, yadda take fita tun duhu neman abin da za a ci. Duk macen da ta riƙe marayu za ta ga kanta a nan. Ya kuma ba da tarihin Katende, wanda shi ma ya tashi cikin wahala a hannun kakarsa, ya yi karatun injiniya, amma ya zaɓi zama da yaran unguwa. A ganina wannan sashi ya fi kowane kyau. Marubucin bai ɓoye faɗuwa ba. A Rasha, Fiyona ta yi wasa bakwai, ta ci ɗaya, ta yi kunnen doki ɗaya, aka cinye ta biyar. Ya nuna ta tana kuka.

Amma ga inda na rabu da shi. Tun daga bangon littafin ana nuna maka yarinya za ta zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen duniya. Wannan kirari ya fi ƙarfin abin da ke ciki. A wasan nan ana auna ƙarfin ɗan wasa da maki. Babban muƙami yana son maki 2,500. Fiyona ba ta kai 2,000 ba. Faɗin haka ba raini ba ne. Wadda ta fara da yunwa, ba littafi, ba babban malami, ta yi abin a yaba mata. Sai dai mai sayar da littafi ya san kirari ya fi saurin tafiya a kasuwa.

Akwai kuma wata doka ta wasan da littafin ya ɗora labarinsa a kai. In dakare ya yi tafiya har ya kai ƙarshen allo, sai a mai da shi sarauniya. Misali ne mai daɗin ji: talaka ya zama sarki. Amma wanda ya taɓa zama gaban allo ya san dakaru takwas ne, kuma yawanci ba ko ɗaya da ke kaiwa. Yara da yawa suka sha kunun Katende. Littafin sunan mutum ɗaya ya ɗauka.

Yanzu mu komo ga kunu. In ka karanta a hankali, za ka ga abin da ya ɗaga yarinyar ya fi allo yawa. Ta sami abinci sau ɗaya a rana. Ta sami babba mai tambayar ta ina kika kwana. Ta sami ƙawaye da wurin zama mai tsari. Daga baya aka sami masu biya mata kuɗin lakwal, ta koma aji. Akwai babi guda da marubucin ya ba wa Amurkawan da suka ba da wannan kuɗi. Wasu masu karatu suna gajiya da shi, suna cewa ya kauce hanya. Ni kuwa ina ganin a nan ne gaskiya ta leƙo, ko marubucin bai nufa ba. Fiyona ta shiga jami'a a Amurka a 2017, ta gama a 2021. Karatu ne ya zame mata abin dogaro. Shaɗaranji ƙofa ya buɗe.

Kuma ka sani, littafin ba ya koyar da wasan. Za ka gama shi ba ka san yadda Fiyona take shirya yaƙinta a kan allo ba. Wannan rashi ne. Kamar a ba ka labarin gwanin kokowa ne tun daga haihuwa, a hana ka ganin kamunsa.

Abin da masu bincike suka gani

To, wasan yana ƙara hankali? An gwada. A Ingila aka ɗauki lakwal 100, da yara wajen 4,000 ƴan shekara tara zuwa goma. Aka raba su biyu. Rabi aka koya musu shaɗaranji na awa 30, rabi aka bar su. Bayan shekara aka duba jarrabawar lissafi. Da aka fitar da sakamako a 2016, ba a ga bambanci ba.

A wannan shekarar kuma wasu masana biyu, Sala da Gobe, suka tattara bincike 24 da aka yi a wurare daban-daban. Suka ga ɗan amfani. Amma suka ce yawancin binciken suna da rauni ɗaya: an gwada yaran da aka koya wa wasa da yaran da ba a yi musu komai ba. Ka ga kuwa yaro, in babba ya zauna da shi ya kula da shi, ko da tatsuniya ce, zai ɗan motsa. Sai su biyun suka sake gwadawa, wasu yara shaɗaranji, wasu kuma wata dara daban. A 2017 suka ba da labari: ba wani bambanci na a zo a gani. Gobe ɗin nan shi kansa gwanin shaɗaranji ne. Ba ƙiyayya ta sa shi faɗin haka ba.

Wani tsohon gwaji zai nuna maka dalili. A 1973 wasu masana biyu a Amurka, Ces da Saimon, suka nuna wa gwani da ɗan koyo allo na ɗan lokaci, kamar ka ƙirga ɗaya zuwa biyar, suka rufe, suka ce kowa ya mai da ƙwayoyin inda suke. In wasa ne na gaske aka tsayar a tsakiya, gwani ya bar ɗan koyo nesa. In kuwa an watsa ƙwayoyin ne barkatai, kusan ɗaya suke. Ashe gwani ba ƙwaƙwalwarsa ce ta fi girma ba. Ya saba da hanyoyin wasan ne, kamar yadda makiyayi ke duban garke sau ɗaya ya ce saniya kaza ba ta nan. Wannan makiyayin, ka ba shi lissafin ɗan kanti, sai ya koya tun daga farko. Mai son ɗansa ya iya lissafi, ya koya masa lissafi.

Wannan bai sa wasan ya zama banza ba. Yana da nasa amfani, kuma ba ƙarami ba ne. Babu sa'a a ciki, ba kuri'a, ba karta. In an cinye ka, ba wanda za ka ɗora wa laifi. Akwai doka: ƙwayar da ka taɓa, ita za ka motsa. Saboda haka yaro yana koyon riƙe hannunsa har kansa ya gama aiki. Ana gaisawa da hannu kafin a fara, ana gaisawa bayan an gama. Tsoho yana iya zama da jikansa, mace da namiji, mai kuɗi da talaka, allo bai san kowa ba. Ga wani abu da zai yi maka daɗi, kai da ka fara riƙe alkalami: kowane gida na allon yana da suna, baƙi ɗaya da lamba ɗaya. Daga a zuwa h a kwance, daga 1 zuwa 8 a tsaye. A gasa dole kowa ya rubuta tafiyarsa. Wanda ya iya rubuta e4 ya iya adana wasansa, jikansa ya zo ya sake bin sa taki-taki.

Ɗaki ɗaya, littafi ɗaya

Na biyu gajere ne, ana iya gama shi a dare ɗaya. Wani marubuci ɗan ƙasar Ostiriya, Sitefan Zuwaig, ya rubuta shi da Jamusanci. Akwai shi da Faransanci, sunansa Le Joueur d'échecs. Zuwaig Bayahude ne, ya gudu daga mulkin Hitila, ya ƙare a Barazil. A can ya gama labarin, ya aika da shi, sa'an nan ya kashe kansa a watan Fabrairu na 1942. Littafin ya fito bayan mutuwarsa.

Cikin jirgin ruwa labarin ya faru, daga Niyok zuwa Ajantina. Zakaran duniya na shaɗaranji, Mirko Cantobik, yana ciki. Wasu fasinja suka biya shi kuɗi ya yi wasa da su, yana ta cinye su. Sai wani mutum mai farar fuska ya matso, ya ba su shawara, wasan ya tashi kunnen doki. Marubucin bai faɗi sunansa ba, Dokta B. kawai ya ce.

Dokta B. lauya ne a birnin Biyana. Ƴan sandan Hitila suka kama shi a 1938. Ba su buge shi ba. Suka kulle shi cikin ɗakin otel shi kaɗai, ba takarda, ba alkalami, ba agogo, ba mai yi masa magana. Wata da watanni. Wata rana ana jiran a yi masa tambayoyi, ya saci littafi daga aljihun rigar wani soja. Ya koma ɗaki yana rawar jiki, ya buɗe, ya tarar ba labari ba ne. Wasannin gwanayen shaɗaranji ne guda 150. Ya mai da zanen gadonsa allo, ya murza ɓarɓashin burodi ya yi ƙwayoyi. Daga baya ya bar zane, yana wasa a ka. Hankalinsa ya dawo, har ya iya tsayawa gaban masu tambaya.

Da ya haddace duka 150, sai ya fara karawa da kansa. Shi ne fari, shi ne baƙi. Kowane yana jin haushin ɗaya. Barci ya ƙaurace masa. Dara ta ci gida. Ya faɗa wa mai gadi, ya yanke hannu da gilashin taga, ya farka a likita. Lokotoro ya taimaka aka sake shi, ya gargaɗe shi kada ya ƙara taɓa allo.

A nan Zuwaig gwani ne. Ban san wani marubuci da ya fi shi nuna yadda kaɗaici ke cin mutum ba. Duk wanda ya taɓa jinya mai tsawo, ko ya yi ci-rani inda ba mai jin harshensa, zai gane wannan ɗaki. Kuma ya faɗi gaskiya guda da masu tallar wasan ba su faɗa: abin da ya tallafi mutum yana iya kayar da shi in ya zama shi kaɗai gare shi. Ka lura, ba wasan ya haukata Dokta B. ba. Rashin abokin wasa ne. Fiyona ta tarar da ɗaki cike da yara. Shi bango huɗu ya tarar.

Kada kuma ka ɗauka dole ƙarshen ya zama haka. Natan Sharanski ya yi shekara tara a gidan kaso na Tarayyar Sobiyet, daga 1977 zuwa 1986. Ya yi ta wasa a ka cikin ɗakin horo, ya fito da hankalinsa. A 1996 ma ya cinye zakaran duniya Kasparof, a ranar da Kasparof ke karawa da mutane da yawa lokaci ɗaya.

Yaron da aka ce wawa ne

Laifin da nake gani a littafin Zuwaig yana wurin Cantobik. Ga tarihinsa yadda aka ba da shi. Ɗan wani matalaucin mai kwale-kwale ne. Uban ya mutu a kogi yaron yana da shekara 12, wani fada na majami'a ya riƙe shi. Aka yi, aka yi, karatu ya ƙi shiga. Yana da shekara 14 da yatsu yake ƙirga. In an sa shi ɗebo ruwa ko faskare, ya yi, ba musu. In ba a sa shi ba, ya zauna shiru. Kowane dare yana zaune yana kallon fada da wani jandarma suna wasa. Wata rana aka kira fada wurin mara lafiya, yaron ya zauna a kujerarsa, ya cinye jandarman. Kafin ya wuce shekara 21 ya zama zakaran duniya.

Ka san wannan yaro. Akwai shi a garinku. Ana ce masa wawa, ko dolo, ko a ce iska ta taɓa shi.

Zuwaig bai so shi ba. Ya zana shi mai girman kai, mai son kuɗi, kai kamar dutse mai ƙofa ɗaya. Dokta B. an ba shi kusan rabin littafin ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Cantobik ba a taɓa barin mu mu ji abin da ke ransa ba. Masu sharhi da yawa suna cewa Zuwaig yana nufin ƙarfin Hitila ne, mara tausayi, da ya murƙushe masu ilimi. Na yarda haka yake nufi. Amma don me sai maraya mai nauyin karatu za a ɗora wa wannan kaya? Mai ilimi ne ya rubuta, kuma ya dubi wanda bai iya karatu ba daga sama. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura, kun san wannan kallo.

Yau akwai wani ra'ayi da ya saɓa wa na Zuwaig. Mu kira shi bambancin ƙwaƙwalwa. Ya fito wajen 1998, daga bakin masu irin wannan hali su da kansu, kuma wata masaniya ƴar Ostareliya, Judi Singa, tana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Suna cewa ƙwaƙwalwar mutane ba iri ɗaya ba ce, kamar yadda ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Jigawa ba fadamar da ta lalace ba ce. In ka shuka mata shinkafa ka yi asara, in ka ba ta gero ta cika rumbu.

Iri uku aka fi ambata. Akwai otizim: yaron da ba ya son haɗa ido, magana ta yi masa wuya ko ta zo a makare, hayaniya ta dame shi, yana son komai ya zauna yadda ya saba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da shi. Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, hankalinsa na tsalle kamar fara, Faransawa suna ce wa halin TDAH. Akwai kuma disleksi: mutum mai wayo, mai iya ciniki da magana, amma baƙaƙe suna rikice masa, ya daɗe yana fama kafin ya haɗa su su zama kalma. Wataƙila a ajinku akwai wanda ya yi shekara uku yana wannan fama, mushe yana cewa ragwanci ne. Ba lalle ba ne.

Ra'ayin nan yana da masu suka, kuma su ma a saurare su. Iyayen da ɗansu ya girma bai iya cin abinci da kansa ba, ko yana buga kansa a bango, suna cewa kada a shafa wa wahala zuma. Ɗansu taimako yake so, da lokotoro, da mai koyarwa na musamman. Gaskiyarsu. Misalin jigawa yana da iyaka. Amma abin da ra'ayin ya kawo mai kyau shi ne ya hana a ce yaro ba shi da amfani, ya hana duka da ɗauri.

Ina shaɗaranji ya shigo? Wasu yara masu otizim suna jin daɗinsa, kuma dalilin a fili yake. Dokokinsa ba su canzawa. Ba a bukatar surutu. Ba a bukatar duban fuskar kowa, allo ake duba. Ga abokin zama, ga shiru. Hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta buɗe shiri don irin waɗannan yara a 2021. A Ispaniya kuma aka koya wa yara 44 masu TDAH wasan na sati 11, iyaye suka ce sun ga sauƙi. An buga wannan a 2016. Sai dai ba a ajiye wasu yara a gefe don gwadawa ba, kuma iyayen da ke fatan sauƙi su ne suka auna. Alama ce, ba hujja ba. Duk wanda ya ce maka wasan yana warkar da otizim, ka riƙe kuɗinka.

Akwai wani tarko kuma, shi ma Cantobik ya haifar da irinsa. Mutane sun karanta irin wannan labari, sun ga sinima, sai suka ɗauka duk yaro mai shiru gwani ne a ɓoye. A sa masa allo, in bai ci kowa ba a sake yar da shi. Yawancin masu otizim ba gwanayen shaɗaranji ba ne, yawancin gwanayen kuma ba masu otizim ba ne. Har ana tono matattu ana liƙa musu suna. Bobi Fisha na Amurka, wanda ya ci kambin duniya a 1972, ya yi rayuwa mai rikici, ya mutu a 2008. Tun daga nan kowa yake faɗin ciwon da yake tsammani. Auna mutum daga nesa, bayan ya mutu, ba aikin lokotoro ba ne, hira ce ta bakin kasuwa. In ɗanka ya so allo, ko gurabun dara cikin rairayi, ka bar shi ya yi don yana so. In ya tashi ya tafi wurin awaki, wataƙila can nasa yake.

Ga yadda Zuwaig ya rufe labarinsa. Dokta B. ya yarda ya kara da zakaran, ya cinye shi a wasa na farko. Wannan ma da wuya ya faru a zahiri, mutumin da littafi ɗaya ya koyar ya kayar da zakaran duniya, amma mu bar wa mai labari. Aka sake zama na biyu. Cantobik ya lura abokinsa ba ya jure jira, sai ya riƙa jan lokaci a kowace tafiya. Zazzaɓin ɗakin otel ya dawo. Dokta B. ya fara wasa da wani allo da ke cikin kansa, ya yi shelar ya kai wa sarki hari, alhali ba haka ba ne. Aka riƙe masa hannu, aka nuna masa tabon gilashi. Ya miƙe, ya ba da haƙuri, ya fita.

Cantobik ne ya tashi a ƙarshe. Ya ƙara duban allon, ya ce harin ba laifi, kuma mutumin yana da baiwa in aka duba ba sana'arsa ba ce. Zuwaig ya sa masa wannan magana a baki don mu ga girman kansa. Amma ka sake dubawa. Duk fasinjan jirgin, masu kuɗi da masu ilimi, mara lafiyar suka bi da kallo. Mutum ɗaya ne ya tsaya ya duba aikin da ya bari a kan allo, ya auna shi, ya yaba: ɗan mai kwale-kwalen da ke ƙirga da yatsu.